Zuwa Ga Baban Bolan Ingila

Bazazzagi bawana. Ina sanyi? Al'ada ce ta sa na tambaya, don hoton da ka turo ranar Lahadi ya riga ya ba ni amsa. Ga ka nan tsaye a tsakiyar gonar wani Bature a Norfolk, takalmin roba har gwiwa, taɓo ya yi wa wandonka lalle, kunnuwa a toshe kamar matuƙin jirgin sama, dama riƙe da sanda mai faifai a gindi, hagu riƙe da shebur, baki har kunne. Hoto na biyu tafin hannunka ne, da wani abu kore-kore a kai kamar murfin kwalbar da mota ta taka. Ka rubuta a ƙasa wai kuɗin Rumawa ne, ya shekara 1,700.

Na kai wa majalisa bayan La'asar. An daɗe waya tana yawo hannu zuwa hannu. Wani dattijo ya gyara tabarau ya ce, "Wannan ba likitan nan ba ne da muka ci shinkafar walimarsa zai tafi Turai?" Na ce shi ne. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah sarki. Aikin ne ya ƙare?"

Na kare ka, don bawa ko ya lalace na ubangidansa ne. Na ce aikin asibiti yana nan, wannan nishaɗin ranar hutu ne. Ashe da na yi shiru ya fi, domin nan aka kece da dariya. Mu a Kano mun san wannan sana'a tun ba yau ba. Yaro ya samu maganaɗisun tsohuwar sifika, ya ɗaura masa igiya, ya bi lungu yana ja, ƙusa da guntun waya suna mannewa, da yamma ya kai wa mai sikeli a auna a ba shi na tuwo. Baban bola ke nan. Bambancinka da shi biyu ne. Shi biyan sa ake yi, kai kuwa kai ke biya: na'urar kuɗin babur ce a nan, ga shebur, ga man mota, ga kuɗin shiga gona ranar da kuka yi gangami. Na biyu, shi ba ya ɗaukar hoto.

Ka duba ma lokacin da kuke fita. Sai manomi ya girbe alkama da sha'ir ya kwashe, garma ta bi ta juye ƙasa, sannan ku nemi izininsa ku shigo a jere, kowa kai a sunkuye. Ai wannan roro ne. Haka tsofaffi da yara ke bin gonar gyaɗa bayan an cire, kowa da 'yar ƙwaryarsa. Su in sun dawo a soya a ci. Kai in ka dawo, uwargida ta ce a bar takalman nan a waje.

Saƙon muryar da ka biyo da shi minti goma sha ɗaya ne cif. Na saurara har ƙarshe, don na san Bazazzagi ba ya iya cewa "na tsinci kwabo" sai ya haɗa da lacca. Sau huɗu na ƙirga ka ce "na'urana ya yi ƙara". Shekara ashirin a Ingila, Turanci ya zauna daram, amma har yau Hausar Zazzau ba ta yarda akwai mace a duniya ba. Abin da na tsinta a laccar shi ne, waya ce a naɗe cikin faifan, lantarki na bin ta yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. In ya ci karo da ƙarfe, ƙarfen ya amsa, wata waya ta biyu ta ji amsar, sai na'ura ta yi maka kuka a kunne. Baƙin ƙarfe gurnani yake yi, azurfa da tagulla kuwa siririyar murya gare su. In kwabo guda ne, jinta ba ya wuce taƙi ɗaya da 'yan yatsu, kusan iyakar inda garma ke kaiwa. Duk na yarda. Inda ka yi sauri ka wuce, kamar wanda ya hango mai bin sa bashi, shi ne zancen lemon gwangwani. Ɗan zoben nan na alminiyam da ake ja a buɗe gwangwani, a kunnen na'urarka muryarsa ɗaya da zoben zinare. Wanda ya ce ya fi ƙarfin tono marfin gwangwani, to ya haƙura da zinare. Saboda haka ka faɗa mini gaskiya: kafin wannan kwabo ɗaya, marfi nawa ka durƙusa wa?

Asalin abar ma ba don neman arziki aka yi ta ba. A 1881 aka harbi shugaban Amurka James Garfield, harsashi ya ɓace a jikinsa. Alexander Graham Bell, mai wayar tarho, ya haɗa irin wannan na'ura don a gano inda ya maƙale. Ba a dace ba: gadon da shugaban ke kwance a kai akwai wayoyin ƙarfe a cikinsa, likitansa kuma ya nace a duba ɓangaren da harsashin ba ya nan. Likita fa, bawana. Tun ranar farko ku ne matsalar. Sai a Yaƙin Duniya na Biyu wani hafsan sojan Folan, Józef Kosacki, ya ƙera wadda soja zai riƙe a hannu yana laluben nakiyar da aka binne, aka yi aiki da ita a El Alamein ta ƙasar Masar a 1942. Waɗanda suka riga ka riƙe sandar nan, in ta yi kuka gabansu ne ke faɗuwa. Kai in ta yi kuka har tsalle kake yi.

Na san labarin da ya ɗauke maka hankali, don sau uku kana ba ni shi. Nuwamban 1992, ƙauyen Hoxne a Suffolk, maƙwabtanku. Wani manomi ya yar da gudumarsa a gona, ya roƙi abokinsa Eric Lawes, dattijon da aka bai wa na'urar kyauta da ya yi ritaya, ya zo ya duba masa. Maimakon guduma sai ga cokulan azurfa, ga sarƙoƙin zinare, ga kuɗin Rumawa suna ta fitowa. Dattijo ya dakata ya sanar da hukuma. Da masana suka gama tonewa, tsabar kuɗi 14,865 aka ƙirga, har da 'yan tandayen azurfa na barbaɗa masoro a abinci. Fam miliyan 1.75 aka biya. Gudumar ma an same ta daga baya, aka kai ta Gidan Tarihin Birtaniya tare da kayan, ta ci arziki a banza kamar abokin ango.

Sai na Yulin 2009, kusa da Lichfield a Staffordshire. Terry Herbert, mutumin da ba shi da aikin yi, da tsohuwar na'urar da ya saya a gwanjo, ya faɗa kan zinare kilo 5 da ɗoriya da azurfa kusan kilo ɗaya da rabi, kayan ƙarni na 7. Aka yi musu kuɗi fam miliyan 3.285. Wannan ka gaya wa uwargida, na tabbata, shi ya sa take barin ka fita da sassafe. Abin da ba ka gaya mata ba, kusan duka kayan yaƙi ne, adon ƙotar takobi da guntayen kwalkwali, babu abin da mace za ta rataya a wuya ta tafi biki. Ba ka kuma gaya mata cewa bayan an raba kuɗin, mai tsintuwa da mai gona suka ɓata har jaridu suka ɗauka ba.

Ni wanda ya fi burge ni Dave Crisp ne, a 2010, kusa da Frome a Somerset. Ya tona ya taɓo bakin wata ƙatuwar tukunya, ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya mayar da ƙasa ya rufe, ya je ya kira masana su ciro ta yadda take. Kuɗin Rumawa 52,503 ne a ciki, nauyin kilo 160. Tsakaninka da Allah, Bazazzagi zai ga bakin tukunyar kuɗi ya rufe ya je ya yi barci? Kafin Magariba an ji a Tudun Wada, kafin Isha'i an kira taron ƙara wa juna sani a Samaru. Bakano kuwa, bari in riga ka faɗa, ba wanda zai ji, sai dai a wayi gari a ga ya kama shago a Kantin Kwari.

Allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Sai dai su waɗannan ake bugawa a jarida. Dubban da suka tsufa suna tara marfi da maɓallin rigar manoma, ba mai zuwa ɗaukar hotonsu, shi ya sa suke ɗaukar kansu su turo Kano.

Yanzu cire abin kunnen nan ka saurare ni, don ba na son dukiyata ta salwanta. Dokar binnanniyar dukiya ta 1996 tana kanka. A Ingila da Wales, abin da ya haura shekara 300, kuma kashi 10 cikin 100 na ƙarfensa zinare ne ko azurfa, ba naka ba ne har sai hukuma ta ce ba ta so. Kuɗi kuwa, in na zinare ko azurfa ne, daga biyu a wuri guda. In na tagulla ne, daga goma. Kwana 14 aka ba ka ka sanar da wani jami'in shari'a da suke kira korona. Ba cutar ba. Shi wannan aikinsa binciken gawar da ba a san sanadin mutuwarta ba, sai aka haɗa masa da dukiyar da mai ita ya tafi bai bar wasiyya ba. In wani gidan tarihi na so, kwamiti ya yi mata kuɗi, a tara a biya, a raba biyu tsakaninka da mai gona. Kuɗi ƙwaya ɗaya tak yawanci ba ya shiga wannan layi, kuma kada ka raina ƙwaya ɗaya: wani ya tsinci kwabon zinare na Sarki Henry na Uku, bugun 1257, a wata gona a Devon, aka yi gwanjonsa a Janairun 2022 a kan fam 648,000. Na duba naka da kyau. Ba shi ba ne.

Masu wayo ma an gani. A 2015 wasu mutum biyu suka tono kuɗin zamanin Sarki Alfred kimanin 300 da kayan zinare kusa da Leominster a Herefordshire, suka yi gum, suka shiga sayarwa a ɓoye. A 2019 kotu ta ɗaure ɗaya shekara 10, ɗaya 8 da rabi. Ɗaukaka ƙara ta rage musu, amma an sha gabza. Da sun bi ƙa'ida, da rabonsu ya zo musu halak malak har da yabo. Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Ba na so in ji an ce likitan Zazzau yana gidan kaso a kan kwabon da ko ƙosai ba a sayarwa da shi.

In ka gama da dokar Sarki Charles, saura ta Malam. Kai ɗan birnin ilimi ne, ba sai na tuna maka babin rikazi ba. Dukiyar mutanen jahiliyya da aka tono a ƙasa humusi ake fitar mata, ɗaya bisa biyar, ba a jira shekara ta zagayo. In kuwa akwai alamar Musulmi a jikinta, ta koma tsintuwa, sai cigiya shekara guda. Kada ka ce me zai kawo alamar Musulmi gonar Bature. A Janairun 2007 wani uba da ɗansa suka tono ƙoƙon azurfa kusa da Harrogate, da kuɗi 617, waɗanda maharan nan na arewacin Turai, 'yan Viking, suka binne wajen shekarar 927. A cikinsu akwai dirhamai masu rubutun Larabci, har da bugun Samarƙand. Fatake ne suka hauro da irinsu ta kogunan Rasha, hannu zuwa hannu, har tsibirinku. Tun kafin nan ma, Sarki Offa na Mercia, wanda ya mutu a 796, ya sa aka buga masa dinarin zinare ana kwaikwayon na Halifa Mansur. Maƙeransa suka kwafe Larabcin har da kalmar shahada ba su san abin da suke rubutawa ba, suka dasa sunan sarkinsu a tsakiya, shi yana kallon sama Larabcin yana kallon ƙasa. To ranar da Allah ya haɗa ka da dirhami, ka yanki tikitin Samarƙand, ka tsaya bakin kasuwa wata goma sha biyu kana "wa ya yar da kuɗi?" Na san ba za ka gaji ba, ai magana ce.

Mu yi lissafi tun kafin abin ya samu, don kada mu zama kamar na Staffordshire. Rabi na mai gona. A naka rabin a fitar da humusi. Abin da ya rage, bawa da abin hannunsa na ubangidansa ne, wannan kowa ya sani daga Ƙofar Doka har Ƙofar Nasarawa. A ciki zan cire maka kuɗin sharar bana in ka yi ladabi. Marafen gwangwanin kuwa na bar maka duka, ban taɓa ko ɗaya ba.

Ka ce in ka zo hutu za ka taho da ita ka gwada ƙasar kakanni. Bismilla. Amma ka sani kakanninmu da wuri suka yi ciniki, wuri kuwa ƙwanson dodon teku ne da aka yi ta jigilarsa tun daga tsibiran Maldives, kuma na'urarka kurma ce a kansa. Ko keso guda ka taka, wuri 20,000, ba za ta ce uffan ba. Da Bajamushen nan Barth ya zo Kano a 1851, sai an ƙirga wuri 2,500 ake samun liyari ɗaya. Attajirin Kano ya adana arzikinsa ta yadda Bazazzagi ba zai ji ƙararsa ba ko bayan shekara 200. Hangen nesa ke nan. Abin da za ka samu bai wuce anini mai huda a tsakiya ba, wanda sai ka tara goma ka samu kwabo, sai ɗari da toro da sisi da sule, tsarin da naira ta kora a 1973. In ka taki sa'a, liyari mai kan Sarauniya Maria Theresa da shekarar 1780 a jiki. Kada ka yi murna da shekarar. Ko bayan ƙarni guda aka buga shi 1780 ɗin dai ake sa masa, kamar ma'aikacin gwamnatin da ba ya son ritaya.

Babban abin tarihin jiharku ma na yumɓu ne. Kan mutum-mutumin Nok ɗin nan da ya shahara, wajen 1943 masu haƙar kuza suka tono shi a ƙasar Jama'a, wadda a da Zazzau take bi. Ya haura shekara 2,000 a duniya. Me aka yi da shi? Aka kafa shi a gonar doya yana gadi, har labari ya kai kunnen Baturen nan masanin kayan tarihi, Bernard Fagg. Ga yadda ake riƙon kayan tarihi a ƙasarku, sannan ka tsallaka teku kana tattalin na Rumawa.

Masu riƙe irin sandarka da gaske suna can Jado da Tchibarakaten a arewacin Nijar tun da zinare ya ɓulla a 2014, wasu kuma a hamadar arewacin Sudan. Samari ne, Hausawa da Tubawa da Buzaye da 'yan Cadi, da suka sayar da abin da suke da shi suka haɗa kuɗin na'ura, suna sayen ruwan sha da tsada, waɗansu kuma ba su dawo ba. Ba ka jin kalmar nishaɗi a bakinsu. In Allah ya haɗa ka da ɗaya daga cikinsu, ka bar wayarka a aljihu.

Abu ɗaya zan ba ku, shi ma ba da son raina ba. Ka ce ka kai kwabon wurin jami'ar da ke rajistar tsintuwa, ta auna shi, ta ɗauki hotonsa, ta rubuta daidai inda ya fito, ta miƙo maka abinka. Tun 1997 ake wannan rajista, kuma abin da aka shigar ya wuce miliyan ɗaya da rabi, yawancinsa daga hannun 'yan roro irinka. Da waɗannan tarkace masana ke gane inda aka ci kasuwa da inda hanya ta bi da inda gari ya tashi. Mu kuwa liyaran kakata guda shida maƙerin fari aka kai wa, ya narkar ya yi wa amarya awarwaro, ba wanda ya ko duba rubutun jikinsu. Ganuwarmu ta Kano ana ɗibar ƙasarta ana gini, ina wucewa kullum ina gani. A nan dai ba ni da bakin yi wa kowa dariya.

Kuma bayan majalisa ta watse na koma kan hoton ni kaɗai. Na zuƙo shi, sai ga inuwar kan mutum, ga hanci, ga wani abu kamar rawani. Wani ne ya fito da shi zai sayi burodi, ya sulale daga jaka, ya yi ta laluben ciyawa har duhu ya rufa, ya koma gida ya sha faɗa. Shekara 1,700 babu hannun da ya taɓa shi sai naka. Da na kawo nan sai na ji tsigar jikina ta ɗan tashi. Sai na tuna hannun Bazazzagi ne, abin ya wuce.

Tunda dai ka zama gwanin nemo abin da wasu suka yar, akwai tsohuwar magana tsakaninmu. Zobena na azurfa mai jan dutse, wanda ka ara muna ɗalibai a Samaru ranar da za ka zance, ka dawo hannu fayau ka ce ya suɓuce a filin ƙwallo. Bana shekara 31. Ni na ce sayarwa ka yi ka ci tsire, kai kana ta rantsuwa. To alƙali ya samu. Ka taho da na'urar a Disamba, ni zan taho da kujera da lema da shaidu biyu daga majalisa, har da dattijon mai tabarau. In ta yi kuka aka ga zobe, na wanke ka a bainar jama'a, in kuma biya kuɗin mota. In aka tono abin da ya fi zobe, ka tuna da Hoxne, mai guduma ma an raba da shi. In kuwa aka yini shiru sai marfin gwangwani, ka tanadi kuɗin zobe, a fam ba a naira ba.

Ka gaida yara. Ka gaida uwargida da kyau, ka ce mata zoben da ta gani a yatsanka ran nan har ta amince, nawa ne.